Shanun Baba a Kan Bargo

Ranar da wana Ɗahiru ya shigo gidana da igiya, ina bakin keken ɗinki, ban ɗaga kai ba sai da ya jefa ta kan tabarma. Sabuwa ce fil, shuɗiya, irin ta roba da ake saidawa a kasuwar Tama. Na san dai ba akuya ya sawo ba.

"Ta mene ce, Yaya?" na ce.

"Kin sani, Jaratu."

Na sani. Ta Baba ce.

Mahaifinmu Barmo makiyayi ne tun bai iya ɗaura wando ba. Garkenshi ya ƙare shekarun baya, a wata muguwar shekara da ruwa ya ɗauke hatsi bai yi kai ba. Wasu shanun sunka mutu, sauran anka kaɗa su kasuwa shina tsaye shina kallo. A lokacin ya ɗauki hauya ya shiga noman gero kamar kowa. Sai da tsufa ya taɓa mishi kai sannan shanun sunka dawo mishi. Ya manta an saida su. A wurinshi jiya da marece sunka ɓace, kuma mu duka malalata ne da munka zauna ba mu tashi nema ba.

Kullum da safe sai ya ɗauki sanda ya fice. Ya tare mutane a hanya shina cigiya, ya fara da Hausa ya ƙare da Fillanci. Ya faɗa lambunan mutane ya tattake musu albasa. An taɓa tsinto shi a tsakiyar hanyar mota, wani kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya mishi da ƙyar. Gidana da na Baba danga guda ta raba, mijina Ayuba kuma shina Abijan wajen nema, don haka ni ce mai gadi, Ɗahiru shi ne mai bin sawu. Duk ranar da Baba ya kuɓuce mini, sai Ɗahiru ya bar ban ruwa a fadama ya shiga daji, albasarshi tana ƙonewa.

"Ni ba mugu ba ne," in ji shi. "Na gaji ne."

"Kowa ya gaji. Ubanmu za ka ɗaure a gindin iccen bedi, masu wucewa suna leƙe?"

"To ki kawo dabara. Rannan mota ce, gobe rijiya."

Ba ni da dabara ko ta anini, amma bakina bai iya shiru ba. Na ce ya ba ni lokaci. Ya dube ni, ya ɗauki igiyar ya rataye a ƙusar rumfata, inda zan riƙa ganinta in na ɗaga kai daga ɗinki. Da gangan ya yi, na san halin wana.

Dabarar ma ba hankalina ya kawo ta ba. Wata safiya na ajiye wa Baba wani tsohon gwangwanin madara in tafi in ɗebo mishi ruwa a ciki, sai na dawo na iske shina juya shi a hannu. Akwai hoton saniya a jiki. Ya zauna da abin nan har rana ta take, shina yi mishi magana a hankali, bai nemi sanda ba. Kashegari ya jefar, ya ce guda ce, ina sauran. Ni kuwa na riga na ga abin da na gani.

Kafin Ayuba ya tafi, shi ke buga lamba a bayan rigunan ƴan balo, masu ƙwallon garinmu, da na ƴan lakwal, yaran boko. Kayan aikin suna nan bisa rumfa, gizo-gizo ya yi gida a ciki: katako huɗu da anka haɗa da ƙusa, an ɗame wani yadi shara-shara a tsakiya kamar rariya. Ana yanke siffar abin da ake so a jikin leda mai kauri, a manna ta ƙarƙashin rariyar, a ɗora kan yadi, a zuba fenti a sama, a ja da guntun takalmin roba. Fentin ya ratsa ta inda anka yanke, siffa ta fito. Na sha riƙe mishi katakon, ina mita shina ja. Na ce a raina, in lamba tara ta fito, saniya ma ta fito. In buga su a ƙyallaye, in haɗa in ɗinke bargo, tunda ɗari ya shigo. Ya kwana da garkenshi ya tashi da shi, ya bar mu mu huta.

Na shiga motar kasuwa na je Buza sayen fenti da yadi. Da na ce a yanko mini alawayyo, farin yadin nan da ake likkafani da shi, mai kanti ya sauke murya ya ce Allah ya jiƙan musulmi, wa ya rasu.

"Ba wanda ya rasu," na ce. "Ka yanka kawai."

Ya yanka, amma har na fita shina yi mini kallon tausayi. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kai.

Ni ba mai zane ba ce. Saniyar farko da na zana a leda, maƙwabciyata Zaliha ta leƙo ta ce jakin wa ke da ƙaho. Ta biyu ta fito da ƙafafu kamar na kujera. Na ɓata leda har na daina dubawa, kafin na samu wadda in an gani za a ce saniya ce: tozo, leɓen wuya, wutsiya, ƙaho biyu a tsaye. Na yanke ta da reza, na yanke yatsa tare.

Bugun kuwa ba wuya sai wari. Fentin mai ne, sai da kananzir yake fita, warin ya shiga kai ya zauna. Na yayyanka alawayyo murabba'i-murabba'i, na shimfiɗa a kan tsohon ƙyaure, ina ɗorawa ina ja ina ɗagawa. Jar saniya, jar saniya, jar saniya. Kafin la'asar dangata ta cika da su suna shan iska. Da sunka bushe na haɗa su a keke, na sa tsohon bargo a tsakiya, zanena a baya, na bi da allura ina tushewa don kada cikin ya tattare. Bayana ya riƙe, amma raina fari tas.

Na kai wa Baba shina zaune a rana. Na warware a gabanshi, na ce, "Baba, ga su an gano."

Ya daɗe shina kallo. Ya bi layin farko da ido, ya bi na biyu.

"Guda ce," ya ce.

"A'a, dubi dai, da yawa ne."

"Saniya guda ce, ɗiyata. Wa ya tara miki ita haka?" Ya ƙara sunkuyawa. "Kuma ba tawa ba ce. Ki maida wa mai ita tun ba a ce mun sata ba."

Da safe ya ɗauki sanda ya fita. Ɗahiru ya same shi a bayan makabarta, ya kawo shi, ya juya ya tafi. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini.

Saura kaɗan in cusa bargon a murhu. Na zauna na yi kuka na haushi, ba na tausayi ba. Ni ɗiyar makiyayi ce, na tashi cikin shanu, amma na manta abin da kowane yaron ruga ya sani. Baba bai taɓa ƙirga shanunshi ba. Duba su yake, fuska-fuska, in wata ba ta nan ya san wace ce. Ni kuma na kawo mishi fuska guda na ce garke ne.

Da marece na kai mishi tuwo, na zauna kusa, na ce, "Baba, faɗa mini kamanninsu, in taya ka cigiya."

Mutumin nan da bai san ko ya ci abincin rana ba, wanda wani lokaci yake kirana da sunan innarmu da ta daɗe a ƙasa, sai ga shi ya gyara zama. Wule mai farar fuska, farin ya gangaro har hanci amma ya bar idon dama cikin ja. Nyale mai ɗigo-ɗigo a ciki da cinya, bayanta wankakke. Saye, ɗiyar wata Saye, jikar wadda kakanmu ya ba shi ranar suna. Ole mai launin ƙasa, ƙahon hagu ya karye a faɗan rijiya. Shina faɗa shina zanawa da yatsa a ƙasa, tuwon ya huce a gabanshi. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun rasuwar Inna.

To, nan aikin ya zama aiki. Farin jiki sai an hana fenti ratsawa. Na jiƙa ƙaro, na shafa a rariyar daidai inda fari zai zauna, na bari ya bushe, sannan na ja. Wurin da ƙaro ya toshe ya fito fari. Amma saniya ta gaba nata farin daban, sai in wanke fenti da kananzir, in wanke ƙaro da ruwa, in jira rariya ta bushe, in sake shafawa. Ƙaho ma kowa da nashi, na yanka leda iri-iri. Launi kuma na yi ta garwayawa a murfin bido, jarkar ruwa, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, har hannuna ya rine.

Na ba Ayuba labari a waya, ya yi dariya har da tari.

"Amfanin katakon nan ki buga ɗari iri guda," in ji shi. "In kowace daban ce, ki zana da hannu mana."

"Hannuna rawa yake. Katakon ke ba ni jiki daidai."

"Kin dai maida aikin yini na wata."

"Kai da ke Abijan, ka zo ka yi gadi in huta."

Sai ya ce a gaida Baba. Na ce zai ji, ko da bai san wane ne Ayuba ba.

Kowace na buga sai na kai wa Baba ya duba, kuma bai da sauƙi ko kaɗan. Ƙahon wagga ya fi kwanciya. Wagga kin ƙara mata ƙiba, ba ta taɓa ƙiba haka ba. Wagga farin ƙafar na baya ne, ba na gaba ba. In koma in wanke in sake. Ɗinkin mutane ya taru a kwando, wata ta zo ta kwashe yadinta ta kai wa wani tela, ta bar mini baƙar magana. Tafin hannuna ya tsattsage da kananzir, in na sa a ruwan miya sai na ciji leɓe. Limaminmu ya aiko a faɗa mini kada a yi salla a kan bargon, tunda da hotuna a jiki, na ce a ce mishi na ji. Baba dai a kwanakin nan fitarshi ta ragu, don shina jiran a kawo mishi ta gaba ya ƙi.

Ban san ranar da na gama ba, na dai ga ya daina ba ni sunaye. Na farke bargon farko, na cire jajayen nan masu kama guda, na jera na gaskiya yadda ya ce suna tafiya: Wule a gaba, masu ɗiya a tsakiya, Ole can baya. Na ɗinke, na tushe, na kai.

Wannan karon na shimfiɗa kawai na ja da baya. Baba ya duba. Sai na ji ya yi wani sauti da harshe, kiran nan da yake yi musu da asuba ina yarinya, wanda na ɗauka na manta. Ya durƙusa ya dafa Wule a goshi. Ya bi su guda-guda, shina kiran suna, shina shafa wuya.

"Ina kunka shiga?" ya ce. "Kun wahal da ni."

Na juya na shiga ɗaki don kada ya ga fuskata.

Kwanakin da sunka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a shekarar. Da safe ya fito da bargo ya shimfiɗa a rana ya zauna gefe da sandarshi. In rana ta yi zafi ya ja shi inuwa. Da dare ya lulluɓa. Na koma barci bayan sallar asuba, abin da na manta daɗinshi. Ɗahiru ya zo ya tsaya ya kalli tsohon, ya ce, "Sannu da aiki, Jaratu." Na ce yawwa, da ɗaga hanci. Na yi alfahari, ba zan ɓoye ba. Har na so in ce ya zo ya sauke igiyarshi, na dai bari.

Sai Baba ya fara wata magana. Sun rame. Ba su sha ba.

"Sun sha, Baba," in ce ina taka keke.

"Yaushe?"

"Ɗazu, kana barci."

Ya dube ni kamar bai yarda ba, ya koma ya dubi bargon. Haka munka yi ta yi, shina faɗa ina kaucewa. Ina da ɗinkin mutane da zan cike, kuma na gaji da shanu.

Wata safiya na tashi rana ta fito. Tabarmar Baba ba kowa, ba sanda, ba bargo.

Munka bi duk inda ya saba, lambuna, bakin hanya, bayan makabarta, babu. Da can yawon cigiya yake, shina kewaya gari shina tsayawa tambaya, shi ya sa ake saurin ganinshi. Yanzu ba abin da zai tambaya. Ya samu shanunshi, kuma makiyayi mai shanu ya san inda za shi. Ɗahiru ne ya fara ganewa. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Tsohuwar rijiya."

Rijiyar tana can bayan dutse, inda Baba ke shayarwa muna yara. An daɗe da barinta, bakinta ya zube. Ɗahiru ya ari babur, na hau baya, munka bi ta cikin duwatsu har inda babur ya ƙi, munka sauka da ƙafa. Rana ta karkata sa'ad da munka hango shi. Ya shimfiɗa bargon a kan rairayi, ya danne kusurwoyi da duwatsu. Shi kuma shina rub da ciki a bakin rijiyar, rabin jikinshi a ciki, ya warware rawaninshi ya ɗaura hula a ƙarshenshi kamar guga shina zurawa. Ƙasa tana zubowa daga ƙarƙashin ƙirjinshi.

Na buɗe baki, Ɗahiru ya toshe mini da hannu. Ya cire takalmi ya tafi a hankali ta baya, ya kama ƙafafun Baba biyu ya ja da ƙarfi. Sunka zube tare. Wani ɓangare na bakin rijiyar ya rufta, mun daɗe kafin mu ji ya kai ƙasa.

"Igiyar ba ta kai ba," in ji Baba. Goshinshi ya fashe, ƙafafunshi duk ƙaya. "Ruwan ya yi nisa bana."

Ba ruwa a ciki ko ɗigo. Ɗahiru ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ni na naɗe bargon.

Majo, malamin asibitin garinmu, ya wanke ciwon ya ɗaure, munka dawo gida. Da gari ya waye Ɗahiru ya sauko da igiyar daga ƙusa. Ban ce a'a ba. Na ga bakin rijiyar nan da idona. Ya ɗaura gefe guda a jikin bedi, ya zo gaban Baba ya durƙusa, ya kai hannu ga ƙafar ya janye.

"Ba ni iyawa," ya ce. Ya miƙo mini, ya fita.

Na naɗa tsumma a idon sawun Baba don kada robar ta ci mishi fata. Na zagaya igiyar, na ƙulla. Ƙullin ya zame, na sake. Baba shina kallona, bargon a kan cinyarshi. Ina jira ya yi faɗa, ko ya tsine mini, ko ya tambaye ni laifin da ya yi. Da ya yi da na samu abin riƙewa.

"Ba haka ake yi ba," ya ce. "Wanga ƙulli in an ja shaƙewa yake, ƙafa ta kumbura. Kawo."

Ya karɓa ya kwance nawa. Yatsun nan da ba su iya riƙe cokali sunka juya igiyar sau biyu, sunka zura, sunka ja. Ya sa yatsa tsakanin igiyar da ƙafarshi ya gwada, ya gyaɗa kai.

"Haka. Ba ta ci, ba ta kwancewa."

Sannan ya ninke bargon da kyau ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tun jiya ba su sha ba, Jaratu. Ni an tsare ni. Ki bar Ole ta fara, ba ta son turereniya."

Na karɓa. Na ɗora a ka, na ɗauki bido na fita. A bakin famfo mata sun yi layi, Zaliha na cikinsu. Ta dubi bargon, ta dubi fuskata. Sannan ta janye bidonta gefe ta ba ni wuri.

Na shimfiɗa su a kan siminti, na tara hannu na ɗebo ruwa, na fara da ta baya.